An ce ka kwana wajen Kaka a asibiti? Ajiye wayar nan tukuna

Duk gidan da aka taɓa kwantar da tsoho ko tsohuwa a asibiti, an san yadda ake rabon aiki. Manya su ne na biyan kuɗi da magana da likita. Iyaye mata su ne na girki, a cika kula a cika fulas. Kwana kuwa naka ne. Kai da ka gama makaranta kana jiran sakamako, ko yajin aiki ya dawo da kai gida, kai ne za a duba a ce, "Ai wane ba ya komai, ya je ya kwana wajen Alhaji." Idan kuma Hajiya aka kwantar, to ke ce za ki ɗauki tabarma da hijabi ki nufi ɓangaren mata, ki je ki yi jinyar kishiyar taki.

Za ka haɗa tabarma da buta da caja, ka tafi. Ƙarfe goma na dare ta yi, fitilar ɗakin a kunne tar kamar rana. Mai gadon kusa da ku yana tari, na can ƙarshe yana ta kiran sunan ɗansa. 'Yan dubiyar ƙarshe yanzun nan suka fita, bayan sun shafa addu'a sun kuma tsaya a bakin ƙofa sun taɓa hirar siyasa. Kai kuma ka jingina da ƙafar gado, ka sayi datar dare, ka faɗa TikTok. A ganinka ai ba ka ƙure sauti ba. Alhaji ya juya, ya sake juyawa, ya ce, "Ƙarfe nawa ne?" Ka ce, "Sha ɗaya, Alhaji, ka yi barci mana." Can wajen ƙarfe biyu ya sake tambaya.

Da safe likita ya zo zagaye, ya ce, "Ya mai jiki?" Ka ce, "Da sauƙi, Alhamdulillahi." Aka duba hawan jini, aka duba suga, aka rubuta magani, aka wuce gado na gaba. Babu wanda ya gaya masa cewa dare uku ke nan tsohon nan bai yi barcin kirki ba, domin kai kanka ba ka ɗauki wannan a matsayin labari ba.

To labari ne, kuma babba. Barcin nan yana cikin abin da zai tayar da shi daga gadon, daidai da allura da ƙarin ruwan da ake ta kashe wa kuɗi. Ba a sayar da shi a kemis ɗin bakin asibiti, kuma a irin asibitocinmu, inda nas ɗaya ko biyu ke riƙe da ɗaki guda cike da marasa lafiya har gari ya waye, rabin wannan aikin a hannun mai kwana yake.

Barcinsa ba irin naka ba ne

Mun saba jin ana cewa tsofaffi ba sa buƙatar barci da yawa, tunda kullum su ne na farkon tashi. Ba haka ba ne. Masana barci suna ba wanda ya kai shekara 65 zuwa sama shawarar awa 7 zuwa 8, kusan daidai da na kowane baligi. Abin da ya canza shi ne ingancin barcin da kuma lokacinsa.

Barci zagaye-zagaye yake zuwa, kowane zagaye kamar minti 90. A ciki akwai mara nauyi, akwai mai nauyi wanda ko an taɓa mutum da ƙyar yake motsi, akwai kuma na mafarki. Mai nauyin nan shi ne wanda jiki ya fi yin gyara a cikinsa, kuma yawancinsa a farkon dare yake zuwa. Da shekaru suka ja, sai ya riƙa raguwa. Shi ya sa kai za a iya tayar da janareta a kanka ba ka sani ba, shi kuwa Alhaji cokali ya faɗi a ƙasa sai ya buɗe ido. Sannan agogon cikin jikinsa ya matso gaba: barci yana kama shi da wuri, yana kuma sakinsa da wuri. Mutumin da ya yi shekara 50 yana kwanciya bayan isha yana tashi kafin kiran asalatu, ba za ka canza masa tsari don an kawo shi asibiti ba.

Ka ga inda matsalar take ke nan. Daga ƙarfe tara zuwa wajen ɗaya na dare, nan ne rabonsa na barci mai nauyi yake. Nan ne kuma lokacin da 'yan dubiya ba su gama watsewa ba, 'yan uwan da ke Abuja da Saudiyya suka samu sararin bugo waya, kai kuma darenka yanzu ya fara. Idan wannan lokacin ya wuce shi, ramawa da wuya. Ƙarfe huɗu da rabi idonsa biyu, ko ya yi barci ko bai yi ba.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a aikin jinya. Florence Nightingale, Baturiyar Ingilan nan da ake ɗauka uwar aikin jinya na zamani, ta yi dogon bayani a kan hayaniya a littafinta Notes on Nursing na 1859. Ta ja kunne cewa kada a tayar da mara lafiya daga barcinsa na farko, domin da wuya ya sake komawa. Ta kuma soki wani abu da mu har yau muke yi muna ganin kirki ne: a tsaya a gefen mara lafiya ko a bakin ƙofa ana raɗe-raɗe. Shi yana kwance ya san a kansa ake magana, yana ta kasa kunne ya ji ko likita ya faɗi wani mugun abu ne ake ɓoye masa. Wane barci kuma bayan wannan? Idan magana ce da ba a so ya ji, a fita can waje nesa. Idan wadda zai iya ji ce, a faɗe ta a fili.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ma'auni. A ƙa'idarta ta 1999, ƙarar da ke cikin ɗakin marasa lafiya bai kamata ta wuce desibel 30 ba a matsakaici. Desibel 30 kamar raɗa ke nan. Hira ta yau da kullum tana kai wa 60. Yanzu ka auna saƙon muryar da ka kunna a sifika, ko ƙaramar wayar nan ta Alhaji da ke ƙarƙashin filo, wadda idan ta yi ƙara har masu gadi sai sun ji.

"Tun da dare yake sambatu"

Ga abin da ya sa na ɗauki maganar da zafi. Akwai wani abu da ke samun tsofaffi a asibiti wanda yake tsorata iyali fiye da ciwon da ya kawo su. Mutum lafiyar ƙalau a hankalinsa, jiya ya gane kowa, har ya tsokane ka da maganar aure. Yau da daddare sai ya tashi yana neman takalmi wai zai tafi gona. Ya fizge robar ƙarin ruwa. Ya kira ka da sunan ƙaninsa da ya rasu tun ba a haife ka ba. Ya ce akwai mutane tsaye a jikin bango. Da safe ya ɗan dawo daidai, da yamma abin ya sake tashi.

Nan take za ka ji fassara iri-iri a waya. Wata gwaggo ta ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Wani kawu ya ce gigin tsufa ne ya zo, sai haƙuri. Wani ya yi shiru kawai, a ransa yana cewa tafiya ce ta matso.

Likitoci suna kiran wannan diliriyam, wato ruɗewar da ke zuwa farat ɗaya cikin awoyi ko 'yan kwanaki, tana hawa tana sauka. Ta bambanta da gigin tsufa, wanda shi a hankali yake shigowa cikin watanni da shekaru. Kuma yawanci tana da dalili da za a iya nemowa: ƙwayoyin cuta a mafitsara ko a huhu, suga ya faɗi, ƙarancin ruwa a jiki, fitsari ya taru ya ƙi fita, kwanaki ba a yi bayan gida ba, ciwo mai tsanani, iskar numfashi ta yi ƙasa, ko wani magani da aka ba shi. Rashin barci yana cikin manyan abubuwan da ke buɗe mata ƙofa, ita kuma idan ta shigo sai ta ƙara lalata barcin, dare ya koma rana, rana ta koma dare.

Akwai kuma nau'in da ya fi wuyar ganewa, wanda babu fizge-fizge a ciki. Tsohon zai yi lamo, ya daina magana, ya riƙa gyangyaɗi ana tsakiyar ba shi abinci, ka yi masa tambaya ya bi ka da ido. Sai iyali su ce, "Yau dai ya samu hutu." Alhali shi ma ruɗewar ce.

Ba na ce kada a yi addu'a ba. A yi, a tofa masa, shi ma zai ji sanyi a ransa. Amma ka fara kiran nas, a daren, kada ka jira safiya. Ka gaya mata a sarari: "Sista, ba haka yake ba a gida. Jiya ma ya gane ni." Wannan jimlar tana da nauyi, domin ita ba ta san shi kafin ciwo ba, kai ne ka san shi. Kafin ta iso, kada ka yi gardama da shi, kada ku taru ku danne shi. Ka zauna inda zai ga fuskarka, ka faɗa masa sunanka, ka ce asibiti muke, dare ne, ina nan tare da kai. Idan yana sa tabarau, ka sa masa. Mutumin da ba ya gani sosai, rigar da aka rataye a jikin ƙusa ma mutum ce a wajensa.

Madara mai ɗumi da tausa

Za ka iya cewa to ni me zan iya a kan wannan, ni ba likita ba. Bari ka ji wani bincike. A asibitin Jami'ar Yale da ke Amurka, wata likitar tsofaffi mai suna Sharon Inouye da abokan aikinta sun bi marasa lafiya 852, dukkansu masu shekara 70 zuwa sama, aka buga sakamakon a 1999. Rabinsu an yi musu kulawar da aka saba. Ɗaya rabin an ƙara musu wasu abubuwa da ba su da alaƙa da sabon magani: a riƙa tuna musu rana da wurin da suke, a tayar da su su motsa jiki, a tabbatar suna da tabarau da na'urar ji, a kula da shan ruwansu, sannan a gyara musu barci. Gyaran barcin kuwa shi ne abin sha mai ɗumi lokacin kwanciya, madara ko shayin ganye, da sauti mai kwantar da hankali, da tausar baya. An kuma rage hayaniyar ɗakin da daddare, aka matsar da lokutan wasu magunguna da gwaje-gwaje don kada a riƙa tayar da mutane.

A cikin waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba, kashi 15 cikin 100 sun ruɗe. A cikin ɗaya rukunin, kusan kashi 10 ne. Daga wannan aikin aka gina wani shiri da asibitoci da dama a duniya suka ɗauka, kuma da yawa daga masu yin waɗannan ƙananan ayyukan 'yan sa-kai ne da aka horar.

Ni abin da ya ba ni dariya da na fara karanta wannan shi ne, su sai da suka nemo 'yan sa-kai. Mu kuwa kowane gado da nasa a kwance a ƙasa, kyauta, sai dai yana kallon bidiyo. Kuma tausar kaka ai ba Bature ne zai koya mana ba, da ita muka tashi.

Sai dai akwai wuraren taka-tsantsan. Kafin ka ba shi madara ko kunu da daddare ka tambayi nas, musamman idan mai ciwon suga ne, ko mai ciwon ƙoda da aka ƙayyade wa ruwa, ko wanda za a yi wa aiki da safe aka ce kada ya ci komai. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki kuwa, haɗiya tana iya ba shi wahala, abin sha ya bi hanyar numfashi ya sauka a huhu, don haka ba a ɗura masa komai a kwance. Tausa kuma a baya da kafaɗu, a hankali. Idan ka ga ƙwauri ɗaya ya kumbura, ya yi zafi, yana ciwo, kada ka matsa shi ko kaɗan. Yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, kuma nas ya kamata ta gani.

Maganar ƙwaya

Dare na biyu ko na uku, wani a cikin dangi zai kawo shawarar nan: "A sayo masa Valium mana ya samu ya runtsa." Ko a ce Piriton, tunda kowa ya san tana sa barci kuma ba a tambayar takarda. Wataƙila ma kai za a aika.

Kada ka je. Jikin tsoho ba ya fitar da magani da sauri kamar naka. Diazepam, wato Valium ɗin, yana iya kwana da kwanaki yana yawo a jikinsa. Zai yi kamar ya yi barci, amma washegari yana layi, ya tashi zai shiga banɗaki ya faɗi, ƙashin ƙugu ya karye. An zo da zazzaɓi an koma maganar tiyata. Piriton da danginta kuwa suna busar da baki, suna iya riƙe fitsari, musamman ga dattijon da dama yake fama da kumburin nan na maza da ke tare hanyar fitsari, kuma su kansu suna jawo ruɗewar da muke gudu. Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka tana da jerin magungunan da take cewa a kauce wa ba tsofaffi, ana kiransa jerin Beers, kuma waɗannan biyun duk suna ciki.

Idan kuma dama can Alhaji ya daɗe yana shan irin wannan ƙwayar a gida kullum, wannan wata magana ce daban. Yanke ta farat ɗaya ma haɗari ne. Ka gaya wa likita gaskiya, har da na gargajiyar da ake shigo da shi a gora a ɓoye ƙarƙashin gado. Sun san ana yi, sanin abin da ke ciki suke buƙata.

Abin da za ka roƙi Sista

Wasu abubuwan ba a hannunka suke ba, amma tambaya tana hannunka. Sau da yawa abin da ke hana tsoho barci abu ne da nas za ta iya gyarawa cikin minti biyar idan ta sani.

Ciwo ne na farko. Dattawanmu ba sa son faɗa, wai kada a ce sun cika raki. Ka tambaya zai ce da sauƙi, alhali yana cije haƙori duk lokacin da ya juya. Ka lura da fuskarsa. Idan an rubuta masa maganin ciwo, ka tambaya ko za a iya daidaita shi ya zo kafin lokacin kwanciya, maimakon a jira ciwon ya tayar da shi ƙarfe biyu.

Sai fitsari. Masu hawan jini da ciwon zuciya ana yawan ba su Lasix, maganin da ke fitar da ruwa daga jiki. An fi ba da shi da safe, idan sau biyu ne na biyun da rana. Amma a asibitocinmu wani lokaci sai an rubuta, an je an sayo, an dawo, yamma ta yi, a ba shi a lokacin. Daren nan kuwa ku biyun babu mai barci. Prednisolone ma, idan aka sha da yamma yana iya hana ido rufuwa. Kai ba za ka canza lokacin magani da kanka ba, kuma wani lokacin akwai dalilin da ya sa dole a bayar da daddare. Tambaya kawai za ka yi: "Sista, don Allah wannan na fitsarin, zai yiwu gobe a ba shi da wuri? Jiya sau shida muka tashi."

Haka awon jini da na zafin jiki da ake zuwa yi tsakar dare. Ga wanda jikinsa ya yi tsanani, ko aka fito da shi daga tiyata, wannan ba abin wasa ba ne, a tashe shi ɗin shi ne daidai. Amma wanda ya kwana biyar yana samun sauƙi, ana iya tambayar likita a zagayen safe ko har yanzu akwai buƙatar na ƙarfe biyun. Ma'aikatan jinya suna da wata dabara ta haɗa ayyuka wuri ɗaya: magani, awo, canza ruwa, gyara shimfiɗa, duk a zuwa ɗaya, sai a bar mutum ya samu awoyi a jere. Kai ma ka kwaikwaya. Wanda ba ya iya juya kansa ana juya shi kamar duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, to ka haɗa juyin da canza masa ƙyalle ko ba shi ruwa, kada ka tashe shi sau uku a kan abu uku. Mai ciwon zuciya ko mai haki kuma kwanciya a miƙe tana ƙara masa wahala, a ɗaga kan gadon ko a tara masa filo. Idan ka ji yana minshari mai ƙarfi, numfashin ya ɗauke ɗif na ɗan lokaci sannan ya dawo da firgita, wannan ma ka faɗa.

Yadda za ka yi tambayar shi ne rabin samun biyan buƙata. Matar nan tun yamma take tsaye, abokan aikinta da yawa sun tafi Ingila da Saudiyya, aikin mutum uku take yi. Ka gaishe ta, ka yi mata sannu da aiki, ka zaɓi lokacin da ba ta riƙe da allura. Wanda ya zo da ɗaga murya da barazanar zai ɗauki bidiyo ya sa a Facebook, ya dai huce haushinsa, amma tsohonsa bai ƙaru da komai ba. Maganar babbar fitila ma haka: idan ka haɗa baki da sauran masu jinya kuka roƙa tare a rage ta bayan an gama ba da maganin dare, ya fi a ce kai kaɗai ka je ka kashe. Idan ba za ta kasu ba, hula ko ɗankwali mai laushi a kan ido yana taimakawa. Wanda ya riga ya ruɗe ne kawai ba a rufe wa ido, shi ɗan haske kaɗan ya fi masa duhu.

Daren yana farawa tun da hantsi

Tsohon da ya wuni a kwance, labule a sake, yana gyangyaɗi daga hantsi zuwa la'asar, ba shi da barcin da zai yi da daddare. Hasken rana shi ne ke saita agogon jiki. Ka ɗaga labule da safe. Idan an yarda ya zauna, ka zaunar da shi a kujera ya ci abinci a zaune. Idan an yarda ya taka, ka riƙe shi ku je ƙarshen baranda ku dawo. Ƙailula ba laifi, amma gajeriya, kamar rabin awa bayan azahar. Ka ja shi da hira, ka kunna masa labarai a rediyo, ka tambaye shi labarin zamanin da buhun gero yake 'yan sulalla. Zai ba ka, har ya ƙara da gori.

Sai goro. A cikinsa akwai kafeyin, sinadarin nan da ke cikin kofi, kuma bayan awa biyar da ci kusan rabinsa yana nan a jiki. Ɗan dubiya ya zo da magariba ya miƙa masa fari ƙal guda biyu, ya ɓantara, shi ke nan an sayi dare. Hana shi gaba ɗaya rigima ce, kuma wanda ya saba kullum yana iya samun ciwon kai idan aka yanke. Idan likita bai hana ba, a bar shi ya ci da safe. Shayin Lipton da Nescafé ɗin da kake karɓowa wajen mai shayin bakin geti ƙarfe tara, su ma duk kanwar ja ce.

Sauro da zafi kuwa ba sai na gaya maka ba. Ka zo da gidan sauro daga gida idan babu a gadon. Maganin sauro na hayaƙi ba na ɗakin marasa lafiya ba ne, akwai masu asma da masu tari, kuma kusa da tukunyar oksijin wuta ce kake wasa da ita. Lokacin zafi mafici da tsumma mai ɗan ruwa, lokacin hunturu safa da bargo, domin ƙafar tsoho idan ta yi sanyi barci ba ya zuwa.

Akwai wani abu kuma da ba a rubuta shi a littafin jinya na Turawa ba. Dattijo zai iya kwana ido biyu saboda bai yi isha ba, robar ruwa tana hannunsa, bai san yadda zai yi alwala ba, yana kuma jin nauyin tambayar jikansa. Ka riga shi. Ka taimaka masa ya yi alwalar ko taimama, ya yi sallarsa a zaune ko a kwance yadda ya samu iko, ka kuma yi masa alkawarin za ka tashe shi da asuba. Wani tsoron makara ne kawai yake sa shi tambayar ƙarfe nawa.

'Yan dubiya

Wannan ne mafi wuya, na sani. Dubiya lada ce, kuma kai yaro ne, ba ka isa ka ce wa aminin Alhaji na shekara 40 ya tashi ya tafi ba. Ke ma ba za ki kalli ƙawayen Hajiya su takwas da suka cika gado da gefensa ki ce lokaci ya yi ba, sai a kai ƙararki har gida a ce ba ki da kunya.

To a yi dabara. Ka sa babba a gidan, wanda ake jin maganarsa, ya rubuta a zauren WhatsApp na dangi cewa dubiya daga la'asar zuwa magariba ce, bayan isha ba shiga ba kira. Kai kuma ka ɗauki nauyin sa bayani a zauren sau biyu a rana, ya ci abinci, likita ya zo, an cire ruwa, don kada kowa ya ce sai ya ji muryarsa hankalinsa zai kwanta. Wayarsa ta dawo aljihunka da daddare, a kashe mata ƙara. Wanda ya zo a makare ka tare shi a baranda, ka durƙusa ka gaishe shi da kyau, ka ce, "Baba, yanzun nan ya samu barci, Sista ta ce kada a tashe shi." Ka fara gaya wa Sistar dai, za ta ce eh da gudu. Hoton tsoho a kan gado da robar hanci kuwa, da ake sawa a sitatus ana neman addu'a, a tambaye shi tukuna ko yana so duniya ta gan shi a haka.

Taka wayar, ba na ce ka jefar ba, dare yana da tsawo kuma kai ma mutum ne. Ka sa abin kunne a kunne ɗaya, ka bar ɗayan yana jin motsinsa. Ka rage hasken fuskar, ka juya ta daga saitin idonsa. Kira ya shigo, ka fita. Kuma kada ka yarda a bar maka kwanan kai kaɗai har mako guda. A dare na huɗu kai ma ka zama abin tausayi, za ka yi masa tsawa a kan abin da bai kai ba, ko ka yi nauyin barcin da zai sauko daga gado ba ka ji ba. Ka ce a yi karɓa-karɓa da sauran jikoki, ai ba kai kaɗai ya goya ba.

Tunda wayar tana hannunka, ga aikin da za ta yi. Ka buɗe wajen rubutu, duk tashin da ya yi ka sa lokaci da dalili. Gobe da likita ya ce ya mai jiki, bayan Alhamdulillahi sai ka ƙara: ya kwanta tara da rabi, ya tashi sha biyu saboda ƙugunsa, ya yi fitsari sau huɗu, wajen ƙarfe uku ya kira ni da sunan wani bai gane ni ba na ɗan lokaci, daga nan bai koma ba har asuba. Kada ka bari a wuce gado na gaba sai ka karanta masa duka.